Laraba: tsohon injin da muka kusa zubarwa

Jan rubutu na tarar a kan allo da safe: kwafin ajiyar daren jiya, wato kwafin bayanan kwamfuta da muke naɗa a kan kaset, ya tsaya a tsakiya. Manhajar ta nemi kaset ɗin da ke gurbi na 14, hannun rumbun, wato na'urar da kaset ɗinmu ke jere a cikin gurabenta, ya miƙa ya ɗauko, ashe wani ne daban. Da na bi diddigi sai na gano jiya da yamma abokin aikina ya cire kaset biyar da za a kai ajiyar waje, ya cusa sababbi, ya tashi bai sa manhajar ta sake ƙidaya ba. Ita kuwa abin da ke rubuce a kundinta kaɗai ta sani.

Na sa ta ƙidaya. Ina son leƙen wannan aikin ta 'yar tagar gaban rumbun, hannun yana bin gurabe ɗaya bayan ɗaya, jan haske yana lasar lambar da ke manne a bayan kowane kaset, haruffa shida sannan L8 a ƙarshe, alamar zamanin kaset ɗin. Guda ɗaya ya ƙi karantuwa don an manna takardarsa a karkace. Na gyara, na zuba sababbin a rukunin kaset marasa komai, aiki ya tashi. Kaset ɗin goge injin karanta kaset ma ya yi aiki sau 47 cikin 50 ɗinsa, na rubuta a sayo wani.

Da rana ne hankalina ya tashi sosai. Sashen kuɗi suka aiko suna neman wasu takardu na 2016. Kundi ya nuna suna nan, har da lambar kaset ɗin, amma lambar da L6 ta ƙare. Gabana ya faɗi. Injinan da ke cikin rumbunmu yanzu LTO-8 ne, wato zamani na takwas na irin kaset ɗin da ake kira LTO, shi kuwa mai L6 na zamani na shida ne. A da, har zuwa LTO-7, inji yana karanta kaset na zamani biyu baya da shi. Daga LTO-8 aka rage, zamani ɗaya kawai yake waiwaya. Wato kaset ɗin yana hannuna lafiya lau, ko ƙura babu, amma duk rumbun ba mai iya karanta shi.

Sai na tuna tsohon injin LTO-6 da ke kan kanta cikin kayan da aka ware za a zubar. Na sauko da shi, na kakkaɓe, na sha wahalar neman wayarsa kusan awa guda. Da na tura kaset na ji ya ja shi ciki da 'yar ƙarar nan tasa, sai na saki ajiyar zuciya. Takardun sun fito cif, na buɗe uku na duba da idona kafin na tura.

Abin bai bar ni ba har yamma. Irin wannan kaset muna da 60. Kowanne terabait 2.5 yake ɗauka, sabon kuwa 12, don haka 13 za su haɗiye su duka. Matsalar lokaci ce: tsohon injin megabait 160 yake ja a daƙiƙa, cikakken kaset ɗaya ya fi awa huɗu. Aikin makonni ne, kuma duka a wuyan inji ɗaya da ya tsufa.

Na rubuta wa shugaban sashenmu na ce, ranka ya daɗe, a ba ni makonnin nan. Na manna wa injin takarda cewa kada kowa ya taɓa shi, na ɗora kaset na farko. Yana kashi 12 cikin ɗari na kashe fitila.