Abin da ke sayar da injin gem, daga teburin gyara a Gusau

Duk mai shirin buɗe gidan gem da ya shigo shagonmu, tambayarsa ta farko ita ce wane inji ya fi ƙarfi. Mu kuma sai mu ce, Alhaji, fara duba wasannin da ke kansa tukuna.

Dreamcast na kamfanin Sega ya fito a Japan a 1998, inji ne mai kyau, har da hanyar shiga intanet a jikinsa. Amma kamfanin EA bai yi masa wasa ba, ke nan babu wasan ƙwallo na FIFA. A 2001 Sega ta daina ƙera shi, abin da aka sayar bai kai miliyan 10 ba. PlayStation 2 da ya zo a 2000 yana karanta fayafayan PlayStation na farko, yana kuma kunna fim na DVD, ya wuce miliyan 150. A wajenmu ma samari ƙwallo ke kawo su, injin da ba a buga ƙwallo a kansa kuwa ƙura kawai yake sha.

Sai farashi. A 1995 injin Saturn na Sega dala 399 ne a Amurka, PlayStation 299. A 2013 Xbox One ya fito a 499, PS4 a 399, kuma a duka biyun mai rahusar ne ya yi gaba.

Inda aikinmu yake shi ne ƙarko. Xbox 360 na farko, na kamfanin Microsoft, zafi ne ya riƙa fasa dalmar da ke riƙe da ƙwaƙwalwar hoto, sai jajayen fitilu uku su kama a gabansa. A 2007 Microsoft ta ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara, ta tsawaita garanti zuwa shekara 3. Wannan garantin bai iso Zamfara ba, ga kuma zafin Afrilu da ƙurar hunturu.

PS4 da fankarsa ke kuka kamar jirgi zai tashi, ƙura ce ta toshe ƙarfen da ke fitar da zafi. Hura masa iska daga waje ba ya magani. Kwance shi muke yi har mu ɗaga allon da ke ɗauke da kayan lantarkin injin, mu share haƙoran ƙarfen da buroshi, mu goge tsohon man sanyayawa da ya bushe ya zama kamar alli, mu ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Idan an ɗaure sukurorin, gefe da gefe ake bi a hankali don allon kada ya lanƙwashe. Babban PS2 na Japan ko Amurka kuwa wutar 100 zuwa 120 yake ci, tamu 230 ce. A soka shi babu na'urar rage wuta, nan take ya ƙone.

Abin da ke ci mana rai shi ne dillalan da ke goge bayan injin gwanjo ya yi ƙyalli, ciki kuwa an gasa allon da iska mai zafi don ya tashi na ɗan lokaci. Haka jabun hannun wasa: ba nauyi, sandar juyawarsa tana fara jan ɗan wasa gefe guda tun bai tsufa ba. Mai saye ya ga namu ya fi tsada ya hau ciniki, alhali kowane inji sai mun buɗe shi, mun bar shi yana wasa awa biyu a gabanmu kafin ya hau kanta. Kowa ma zai iya zuwa ya zauna a gwada a kan idonsa.