Kare a Gidan Haya: Tsakanin Mai Gida, Ɗan Haya da Maƙwabci

Sana'ata kula da gidajen haya. Kamfanin ƙarami ne, ni da ma'aikata kaɗan. Masu gidaje su damƙa mana makullai, mu nemo musu 'yan haya, mu rubuta yarjejeniya, mu karɓi kuɗi, mu kira mai gyara idan famfo ya fashe ko rufi ya fara yoyo. Yawancin wannan aiki da waya da haƙuri ake gama shi. Amma akwai tambaya ɗaya da take sa mai gida ya ɗaure fuska tun ban rufe baki ba: wanda ke son gidan yana da kare, a ba shi?

Amsar farko kusan kullum a'a ce, kuma ba na ganin laifin mai gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani da kuɗin fanshonsa ya gina gidan, wani bashi ne a kansa har yanzu, hayar ce ke biya. In ya rufe ido, abin da yake gani ƙofa ce da aka kakkarce, da tsakar gida da aka tone, da maƙwabci yana buga masa waya tsakar dare. Duk waɗannan suna faruwa, na gan su da idona.

Abin da nake faɗa masa shi ne: "Ranka ya daɗe, hanin da za mu rubuta ba zai hana kare shiga gidanka ba. Zai dai hana ka sani." Mutumin da ya yi shekaru da karensa, ya nemi gida ya rasa saboda kowa ya ce a'a, wata rana zai daina faɗin gaskiya. Ya sa hannu, ya tare, bayan mako biyu karen ya biyo shi. Daga nan ɓarnar gaske take farawa, kuma ba daga karen take fitowa ba. Ɗan hayan da ke ɓoye dabba ba ya son kowa ya shigo masa gida. Bututu zai fara ɗiga a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya yi shiru, domin in ya kira mu, mai gyara zai ga kwanon abincin kare. Ranar da muka sa za mu zo duba gida sai ta zama ranar tafiya ko rashin lafiya. Ɗigon da za a toshe cikin rabin awa sai ya ruɓar da katako. A gidajen da na karɓa bayan irin wannan ɓoyo, asarar ruwa ta fi ta kare yawa nesa ba kusa ba.

Shi ya sa na fi son eh da aka rubuta da sharuɗɗa a kan a'a da kowa ya san za a karya.

Kafin in kai maganar ga mai gida, sai na ga karen, kuma in da hali a inda yake zaune yanzu. Girmansa ba ya gaya mini komai. Akwai manyan karnuka da suke wuni a kwance, akwai ƙananan da ba sa rufe baki. Abin da nake dubawa shi ne mai shi. In ya kira karen yana zuwa? Yaya gidan yake wari da ka shiga? Sa'o'i nawa ake barin karen shi kaɗai? Wannan ta ƙarshe ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a wurina, domin yawancin haushin da ke damun maƙwabta da yawancin karcen da ke jikin ƙofa daga karen da aka kulle aka tafi ne. Yana cikin damuwa, yana neman fita ya bi mai shi, shi ya sa ɓarnar take taruwa a bakin ƙofa da taga. Mai shi kuwa bai taɓa jin karen yana haushi ba, don ba ya nan lokacin da ake yi, kuma zai rantse maka karensa ba ya haushi yana mai gaskiya a ransa. Shekarun karen ma nakan tambaya. Kwikwiyo yana sauya haƙora tsakanin wata 3 zuwa wata 7, kuma a lokacin ƙafar kujera da gefen ƙofa duk abin tauna ne. Tsohon kare da ya natsu ya fi sauƙi a gidan haya.

Sai in nemi lambar mai gidan da mai karen ya baro, da katin likitan dabbobi. Katin nan ba na sassauci a kansa, musamman allurar ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa da cutar daga kare suke samunta, kuma tana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Gidan da yara ke wasa a harabarsa ba zan sa kare marar rigakafi a ciki ba, ko nawa aka ƙara mini.

Ɓarna iri biyu ce masu gidaje ba sa tunawa da su, kuma su ne suka fi ba mu wahala. Ta farko fitsari. A kan tayil ba matsala, a goge ya wuce, sai dai abin da ya shiga tsakanin layukan. A kan kafet kuwa yana ratsawa ya shiga soson da ke ƙasa, ya kai ga katako ko siminti. Ruwan ya bushe, gishirinsa ya zauna. Ka shiga ɗakin a bushe ba ka ji komai ba, da an yi damshi zarni ya taso. Turare ba ya maganinsa, sabulu ma haka, sai sinadarin da aka yi musamman don narkar da shi, in kuma ya yi nisa sai a cire kafet a shafe ƙasan kafin a shimfiɗa sabo. Muna da ƙaramar tocila mai shuɗin haske da ke nuna tabon a cikin duhu. Ita ce kayan aikin da ta fi kashe mana gardama.

Ta biyu ƙuma. Wadda ake gani a jikin kare kaɗan ce daga cikinsu. Sauran ƙwai ne da tsutsotsi a cikin kafet da tsagar ƙasa. Macen tana iya yin ƙwai har 50 a rana. In sun kai matakin da suke naɗe kansu, suna iya yin watanni a haka suna jira, sai motsi da ɗumin jiki da numfashi su tashe su. Shi ya sa gida zai yi wata biyu a rufe, a ga kamar tsaf yake, sabon ɗan haya ya shiga, kwana uku ya kira yana cewa wani abu na cizon 'ya'yansa a ƙafa. Saboda haka a kowace yarjejeniya da muka yarda da kare, muna rubuta cewa za a yi feshi da wankin kafet kafin a mayar da makulli, gwargwadon yadda dokar wurin ta yarda a ɗora wa ɗan haya.

Doka kuwa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma duk mai wannan sana'a dole ya san ta inda yake. Wurare da dama sun daɗe da daina yarda da hani na bai ɗaya. A Faransa, tun dokar 9 ga Yuli 1970, sharaɗin da ya hana ɗan haya ajiye dabbar gida ana ɗaukarsa kamar ba a rubuta ba, muddin dabbar ba ta yi ɓarna ko ta dami maƙwabta ba. A Jamus, a watan Maris 2013, babbar kotun tarayya ta yanke cewa hana kare da kyanwa gaba ɗaya a takardar haya ta gama-gari bai halatta ba, sai a duba kowane lamari da kansa. Lardin Ontariyo na Kanada ma ya soke irin wannan sharaɗi a dokar haya ta 2006. Ingila ta bi wata hanya mai koyar da darasi: dokar 2019 ta ƙayyade kuɗin ajiya, wato wanda ɗan haya ke bayarwa jingina saboda ɓarna, kada ya wuce hayar mako 5 a yawancin gidaje, sai masu gidaje suka rasa damar karɓar ƙarin ajiya saboda dabba, wasu suka koma ƙara kuɗin hayar kanta, wasu suka rufe ƙofa. A watan Oktoba 2025 aka amince da sabuwar doka da ta ba ɗan haya haƙƙin neman izini a rubuce, mai gida kuma ba zai ƙi ba sai da dalili mai ma'ana. Karen da ke yi wa makaho jagora kuwa, a ƙasashe da yawa ba a lissafa shi cikin dabbobin sha'awa ko kaɗan, kuma ni ma ba na lissafa shi.

Takardarmu ba ta da tsawo. Izinin na wannan kare ne, da sunansa da hotonsa, ba na duk wanda za a kawo gobe ba. Ba kiwo don sayarwa. A harabar da ake tarayya, igiya a wuya. Kashi a kwashe nan take. Ranar tarewa muna ɗaukar hoton kowace ƙofa da kowane lungu, mu duka mu sa hannu, domin in an zo fita kada a ɗora wa kare tsagar da ta girme shi, kada kuma ɗan haya ya ce haka ya tarar.

Akwai mutum na uku da ba ya sa hannu a ko'ina, amma shi zai kwana da hukuncinmu: maƙwabci. Wani kare ya taɓa cizonsa yana yaro, har yau jikinsa na rawa. Wata gashin kare da yawunsa suna tayar mata da asma. Wani addininsa ko tarbiyyarsa ba su yarda kare ya taɓa tufafinsa ko ya shigo inda yake ibada ba. Ba na raina ko ɗaya daga ciki, kuma ba na barin mai kare ya raina. A gidan da ake haɗa ƙofa ɗaya da tsakar gida ɗaya, ina zuwa in tambaye su tun kafin a sa hannu. In akwai wanda abin zai cutar da shi da gaske, amsata a'a ce, domin shi ya riga zama.

Ina kuma cewa a'a idan gidan bai dace da karen ba: babban kare mai son gudu a ɗaki ɗaya a saman bene, mai shi yana fita da asuba sai dare. Wannan zalunci ne ga dabbar kafin ya zama asara ga mai gida. Amma ba na sallamar mutumin haka kawai. Na ga dattawan da karen nan shi ne kaɗai abin da ke tashinsu da safe su taka ƙasa, na ga iyalan da suka miƙa karensu ga baƙo suna hawaye don sun rasa wurin zama. Irin waɗannan nakan ajiye lambarsu, in duba cikin gidajenmu wanda ke ƙasa, mai katanga da ƙofarsa daban, in kira mai gidan in ce masa na ga karen, na ga katinsa, na yi magana da wanda suka baro gidansa, kuma zan dawo duba gidan bayan wata uku in kawo masa hotuna. Masu gidaje da yawa da suka fara da a'a, a kan wannan suke yarda, kuma 'yan hayan da suka samu gida ta wannan hanya su ne suka fi daɗewa ba su tashi ba, don sun san wahalar da suka sha kafin su samu.