Godiya ga duk wanda ya taya mu neman autarmu

Alhamdu lillahi, yarinya tana gida lafiya lau, likita ya duba ta ya ce babu komai sai cizon sauro. Don Allah waɗanda suka samu cigiyar a WhatsApp ku daina turawa, har yanzu ana kirana daga Tasawa da Madarunfa ana tambayar ko an gan ta. Muryata ta dishe, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya.

Kun san yadda aka yi: mun tara yara a gida don wasannin dā, ana cikin wasan ɓuya autarmu ta ɓace. Abin da ya ƙi fita daga raina shi ne tsakanin magariba da isha'i, lokacin da wani yaro ya ce kamar ya ga yarinya mai jan kallabi ta bi hanyar Gulbi. Damina ce, Gulbi ya kawo, kuma duk ɗan Maradi ya taso da labarin ambaliyar 1945 da ta sa gari ya bar kwari ya hau tudu. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna daɓas a kan yashin da muka zuba don langa, ina riƙe da takalminta ɗaya. Sauran yaran suka soma kuka, wasu na neman ficewa waje. A nan Gwaggona ta Tibiri, tsohuwar da ke tashi da sanda, ta miƙe ta tafa hannu ta ɗauko waƙar gaɗa. Ta tara su da'ira, maza da mata, hawaye na zuba a fuskarta amma ba ta sauke murya ba, kuma babu yaron da ya ƙara fita ƙofar gidan har iyayensu suka zo. Na san ba ki son a ambace ki, Gwaggo, ki yi haƙuri. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa aljanna ce makomarki.

Sai Baba mai gadin siton gyaɗa na bayan layinmu, wanda ya jiyo cigiya daga lasifikar masallaci ya ɗauki tocila ya shiga bin buhuna ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da ita ta yi barci a tsakaninsu tana jiran a zo a kamo ta. Ya lulluɓe ta da rawaninsa ya kawo ta a kafaɗa. Maigida ya miƙa masa jaka goma, ya ture hannun ya ce, "Alhaji, ɗa na kowa ne." Baba, Allah ya biya ka da gidan aljanna, ya raya maka naka, ya tsare ka da neman wani abu wurin wani.

Na ga masu cewa me ya kai mu wasannin dā a wannan zamani, da an kunna masu majigi a falo da ba a yi haka ba. Ban ji haushi ba, amma da kun ga yinin kafin magariba. Yaran da ba sa ɗaga kai daga waya suka kama ƙafa ɗaya suna tsalle a langa, mun dai hana bangaza da kafaɗa saboda ƙanana, taɓawa kawai ake. Carafke da dabino aka yi maimakon tsakuwa, wadda ta cafe ta cinye rabonta. Kawunsu ya zana dara a kwali, gida 30, kowa da murafen kwalba 12, har manya suka karɓe wurin. Ƴar gala-gala kuwa da alli aka zana ta a siminti, ƴan matan da suka fara shiga suna kunya sai da aka janye su da ƙyar. In Allah ya kai mu hutun lakwal na baɗi za mu sake, ɓuya kawai za a tsayar cikin gida da ƙofa a rufe.

Na gode wa liman da ladan, da ƴan kabu-kabun bakin titi da suka zagaya unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo har Sabon Gari ba su karɓi ko dala ba, da mai shayin da ya bar tukunyarsa a wuta ya bi su, da maƙwabciyata da ta rungume ni tana ta salati a kunnena. Allah ya rufa maku asiri duniya da lahira, kada ya nuna maku irin daren nan, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya, amin. Ƴan uwan da ke cikin garin nan waɗanda har yau ba mu ji ko sallamarsu ba, muna fata dai lafiya ce ta ɓoye ku.

Tabarmi da kujerun aro za su koma hannun masu su gobe in sha Allahu. An kuma bar hular yaro da kwanon sha biyu a tsakar gida, masu su su aiko a karɓa.