Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Jinin Inna Ya Ƙi Tsayawa

Makon jiya na tsaya a inda aka sallamo Inna bayan jini ya daskare mata a jijiyar ƙafa, aka ɗora ta kan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ƙwaya ɗaya kullum da dare. To ni ina ba ta bayan isha'i in na taso daga shago a Tudun Wada, ashe autarmu ma tana ba ta da magariba, ita kuma Inna ba ta musu, duk abin da ka miƙa mata bismillah kawai za ta yi ta haɗiye. Ga Flagyl da muka sayo mata a kemis saboda ciwon ciki.

Kwana biyu, uku, garau take. Rana ta biyar tana asuwaki dasashi ya ɓalle da jini, sai haɓo, ga shaida baƙa-baƙa a damtsenta kamar an doke ta, fitsari kuma ja. Wallahi ban san sadda muka wuce Kwangila a hanyarmu ta zuwa asibiti ba, ina riƙe da tsumma a hancinta.

Gwajin INR, wanda ke auna jinkirin da jini ke yi kafin ya daskare, ya fito 9, alhali tsakanin 2 da 3 ake so. Likita ya ce, "Mama sau nawa kike sha?" Ta ce, "Sau biyu ɗan nan, na babbar da na auta." Jikina ya mutu.

Shi ya zaunar da ni ya min bayani, don na kasa gane me ya sa abin bai nuna da wuri ba. Ya ce hanta ce ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare, kuma sai da bitamin K take iyawa, warfarin kuma hana jiki sabunta bitamin ɗin yake yi, amma sinadaran da aka riga aka haɗa suna nan suna aiki har sai sun ƙare, shi ya sa sai bayan kwanaki ake ganin ɓarna. Maganin kuma ba ya saurin fita, kusan awa 40 kafin rabinsa ya bar jini, hantar ce dai ke narka shi, Flagyl ta zo ta rage mata sauri, sai ya yi ta taruwa.

Aka dakatar da ƙwayar, aka sa mata bitamin K ta jijiya da leda biyu ta ruwan jini. Kafin asuba haɓon ya tsaya. Auta kuwa tana bakin baranda, ko ruwa ta ƙi sha. Yadda muka ƙare da ita sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.