Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Jakar Leda da Jakar Yadi

A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka sallame ni, bayan tiyatar da aka fito da bakin babban hanjina ta gefen hagu na cikina, abin da likitoci suke kira sitoma. Jakar da ake mannawa a kan sitomar don tara bayan gida, wadda na koma gida da ita, garai-garai take, ana ganin duk abin da ke ciki, domin a kwanakin farko ma'aikatan jinya suna bukatar duba launin sitomar ba tare da sun ɓamɓare jakar ba. Hujjarsu mai kyau ce, amma ni duk lokacin da na ɗaga riga sai in yi ido biyu da abin da Allah Ya suturta wa kowa. Ga ƙarar leda idan na motsa, ga kumburin iska cikin dare. Wata biyu cur ban tsaya gaban madubi ba.

Da na koma a duba ni, ma'aikaciyar jinyar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Yaya, anya sitomar kike ƙi, ba jakar ba?" Ta ɗauko wata mai rufin yadi mai laushi, wadda take da 'yar matatar gawayi a sama da ke sakin iska ta riƙe wari, faifan mannenta kuma yakan kwana uku a fata, jakar kaɗai ake sauyawa. Tana yanka ramin faifan daidai faɗin sitomata tana ba ni labarin Elise Sørensen, ma'aikaciyar jinya a Denmark, wadda a 1954 ta ƙirƙiro jaka mai manne da ake yarwa bayan amfani, saboda 'yar'uwarta Thora ta daina fita don tsoron yoyo. Daga wannan tunani aka kafa kamfanin Coloplast, mai yin irin waɗannan jakunkuna, a 1957.

Saura launi. Wanda ake kira launin fata bai yi kama da tawa fatar ba ko kusa, sai ya zauna a cikina kamar filastar ciwo, kullum yana tuna mini cewa ni majinyaciya ce. Da na samu baƙa, sai idona ya ɗauke ta a matsayin tufafin ciki, har na kwashe jakunkunan daga akwatin magani na jera su cikin kayan sawata. A daren ne na bar maigidana ya gani, abin da ya faɗa kuwa sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.