Neman jitar bes ta hannu a Legas

Makaɗin da ya baro Nijar ya sauka Legas, abin da zai fara gani shi ne a nan ba a ara wa baƙo kayan aiki. A Damagaram inda na taso, bes, wato jita mai kaurin murya, ta mai ƙungiya ce, kai dai ka zo da yatsunka. A Legas kuwa, idan aka kira ka gwaji, kafin ka taɓa tsirkiya an riga an leƙa abin da ka rataya a kafaɗa. Aikin akwai shi: bukukuwan Yarbawa na ranar Asabar, ƙungiyoyin kiɗan juju da hailaif, wuraren shaƙatawa na Ikeja da Surulere, duk suna neman mai bes. Amma wanda ya zo hannu rabbana, sai dai ya yi kallo.

Na biyo ta Matamai da Daura zuwa Kano, daga can na gangaro Kudu, na sauka wurin kawuna a Agege. Unguwar ba ta ba ni wuya ba, domin Hausawa sun daɗe a cikinta tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa. Ana kiran salla a kan lokaci, akwai tuwo, akwai mai shayi. Lissafin naira ne ya ɗan jinkirta ni, na daɗe ina mai da kowane farashi sefa a zuci kafin in buɗe baki. Na taya kawu tsaron shago ina tara kuɗi, burina guda ɗaya, in mallaki jitar kamfanin Fender.

Sabuwa ta fi ƙarfina, don haka sai ta hannu, wadda a nan ake ce wa tokumbo. Masu sayar da kayan kiɗa sun fi yawa a kasuwar Alaba da ke Ojo, a hanyar Badagry, kuma akwai masu amana a cikinsu, waɗanda za su gaya maka kai tsaye cewa wannan ta Cana ce, wannan ta Indunusiya. Sauran cinikin a waya ake yin sa, ta Facebook da WhatsApp, mutum ya saka hoto ya ce ɗan'uwansa ne ya aiko daga Ingila.

Irin wannan tallar na gani: Jazz Bass, wani samfurin bes na Fender, wai ƙirar Amurka, a farashin da bai kai rabin abin da aka saba ji ba. Da na nuna wa kawu, bai ce komai kan jitar ba, don ba fanninsa ba ne. Sai ya haɗa ni da wani dattijo Bakatsine mai gyaran amfilifaya da lasifika, wanda ya shekara da shekaru yana yi wa makaɗan Legas aiki. Dattijon ya ce, “Ɗana, ba a sayen wannan abu da ido kaɗai. Ɗauko mini sukudireba mu je.”

Abin da na ga ya yi a gidan mai sayarwar ya cancanci a rubuta shi, saboda 'yan'uwa masu zuwa a bayana.

Da kan jitar ya fara, inda suna da lamba suke. Fender na da masana'anta a Corona ta jihar Kalifoniya, da wata a Ensenada ta ƙasar Meziko. Daga 2010 zuwa yau, lambar ta Amurka tana farawa da US, ta Meziko da MX, sai lambobi biyu masu nuna shekara. A shekarun 1990 ta Meziko da MN take farawa, a shekarun 2000 kuma da MZ. Wannan da ke gabanmu an rubuta mata ƙirar Amurka, ga lamba kuma ta fara da MX. Ya nuna mini da farce bai yi magana ba. Daga baya ya ja mini kunne cewa ko lamba ta yi daidai kada in saki jiki, domin masu jabu kan kwafi lambar jita ta gaske daga hoto, ka bincika a shafin kamfanin ka same ta, alhali wadda ke hannunka ba ita ba ce.

Sannan ya nemi izinin kwance sukurori huɗun da ke riƙe wuya da gangar jiki. A nan ne fuskar mai kayan ta canja. Ya ce oga, za a ɓata masa kaya. Dattijo ya ce idan an ɓata shi zai biya. Da wuyan ya fita, sai ga katakon ramin hawa-hawa, siraran falle an manne su da gam, wato filawud ne aka lulluɓe da fenti mai sheƙi. Ta gaske katako ne sosai, kuma galibi za ka tarar da hatimin kwanan wata a gindin wuya. Nan babu ko ɗigon tawada. Ya buɗe farantin maɓallan sauti, sai ga 'yan ƙananan ƙarafa da wayoyi sirara kamar gashin masara, ga dalma an zuba ta barkatai. Ta Amurka manyan maɓallai ake sa mata, irin na kamfanin CTS, da suna a jikinsu.

Ya mai da komai yadda yake, ya yi wa mutumin sallama cikin mutunci, muka fito. A danfo, wato motar haya ta Legas, na ce, “Baba, amma fa sautinta bai yi muni ba.” Ya ce haka ne, a ɗaki kowace jita tana da daɗi. Sai an hau dandali, an ƙure amfilifaya ga janareta na ruri, sannan za ka ji ƙugin da take yi, kuma kunnuwan ɗaure tsirkiya su riƙa saki tsakiyar waƙa.

Akwai wata yaudarar da ta fi wannan wuyar kamawa, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Squier ƙaramin suna ne na Fender ɗin kansa tun 1982, jita ce ta halal mai sauƙin kuɗi. Sai wani ya goge sunan da ke kanta da takardar yashi, ya manna tambarin Fender, ya ninka farashi. Wanda ya yi haka ya ɓata kaya mai kyau, ya kuma cuci yaron da ya yi wata da watanni yana hana cikinsa. Ana gane ta idan aka karkata kan jitar ga haske, launin katakon wurin sunan ya bambanta da sauran, a bayan kai kuma an kankare inda aka rubuta ƙasar da aka ƙera ta.

Ko an tabbatar da suna, da saura, kuma wannan ya shafi mu mutanen Sahel musamman. Iskar Legas jiƙaƙƙiya ce, ga gishirin teku. Wuyan jita yana lanƙwasa, tsirkiya tana tsatsa da wuri. A cikin wuyan akwai sandan ƙarfe da ake juyawa a miƙar da shi. Idan ya cije ko bakinsa ya cinye, ka bar jitar ko da ta gaske ce, domin gyaranta zai ci kuɗin wata jitar. Ka ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa gindi, ka danna kowace tsirkiya a kowane gurbi ka saurari inda take karkarwa.

A ƙarshe Squier na saya, ƙirar Indunusiya, sunanta a kanta ba wanda ya taɓa shi, a hannun wani ɗan kasuwa Ibo da ya miƙo mana sukudireba da kansa tun ba mu tambaya ba. Baba ya canja mata maɓallan sauti da tsirkiyoyi. Da ita na shiga gwaji a wata ƙungiyar hailaif a Ikeja suka ɗauke ni, kuma da kuɗin aikin Asabar na kama ɗakin kaina a Agege, layi biyu daga gidan kawu.