Wata biyar da fara tonon waƙoƙi, ga inda aka kwana

Salam ƴan uwa masu tono, kwana biyu kun ji ni shiru. Ba dainawa na yi ba wallahi, memori ɗina ne ya tona min asiri, shi ya sa na koma gefe ina gyara. Yau wata biyar kenan da na fara wannan harkar ta neman waƙoƙin da ba a sakawa a rediyo, bari in faɗa muku abin da na iya da wanda har yanzu yake ba ni wuya.

Da farko dai har gobe ina shan fama wajen yi wa mutane bayanin me nake ji. In na ce indi sai a ce au waƙar Indiya? Ƙanwata har ta tambaye ni wane fim ne. Sai na zauna na ce mata a'a, indi mawaƙan da suka yi abinsu da kansu ne ko da ɗan ƙaramin kamfani, ba manyan kamfanonin nan masu kuɗi ba. Saikedelik kuwa ya fi wuyar faɗa, don gaskiya asalinsa daga samarin Amurka da Ingila ne na shekarun 1960 lokacin da ƙwayar LSD ta shiga cikinsu, suna son kiɗan ya riƙa juya kai kamar mafarki, wata ƙungiya ta Texas mai suna 13th Floor Elevators ma ta saka kalmar a sunan faifanta tun 1966. Ni dai shayi ne iyakata, kunne kawai na kawo, kar wani ya kai ƙarata gida.

To ga abin da ya faru. Wani abokina ya zo muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i na kunna masa wata waƙa a ƴar sifikata, jita tana ta zagaye wuri ɗaya kamar raƙumi a rijiya, ya yi shiru har ta ƙare sannan ya ce kai wannan waye? Na duba waya, abin da ke rubuce shi ne Track 07. Na duba ta gaba, AUD da wasu lambobi. Ta gaba babu ko suna. Da na koma ɗaki na ƙirga, waƙoƙi ɗari shida da ɗoriya na tara, fiye da rabi ban san wanda ya yi su ba, ban san garinsu ba, ban san ko yana raye ba. Na tara shara ne kawai ina kiran kaina mai tono. Abin ya tsaya min a rai sosai.

Washegari na sayi littafi irin na ƴan makaranta na ja layi biyar: sunan mawaƙi, gari, shekara, wa ya fitar, wa ya ba ni. Na sa wa kaina doka duk waƙar da ban cike mata aƙalla layi biyu ba ba zan tura wa kowa ba. Zuwa jiya na cike 140. A hankali ake yi, wata waƙar sai ta ci min dare biyu.

Wadda ta fi ba ni mamaki, akwai wata da na daɗe ina ɗauka ta ƴan Kano ce saboda muryar an matse ta da otocun, wato gyaran murya na kwamfuta, sak irin na waƙoƙin finafinanmu, amma yaren ba Hausa ba ne. Ashe Mdou Moctar ne, Buzun nan na Nijar mai kaɗa jita da hagu, kuma faifansa na farko Anar a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, shi ya sa ƙamshin sitidiyon namu yake jikinsa. Ba a ma fitar da shi a kasuwa yadda aka saba ba, daga waya zuwa waya ya yi ta yawo ta bulutut da memori har ya ƙetara Mali. Can wani Ba'amurke Christopher Kirkley yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a wajajen Kidal ya ci karo da shi, ya haɗa su a faifan Music from Saharan Cellphones wanda kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. Abin da ya burge ni a labarin ba faifan ba ne, wahalar da ya sha ce wajen bin sawun masu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya don a sa sunansu a biya su, saboda shi ma Track kaza ya tarar kamar ni. Yau ga Mdou yana zagaya duniya, faifansa Afrique Victime na 2021 a kamfanin Matador ya fito, in ka ji yadda jitar take ihu a ciki ba za ka ce mutumin da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke ba ne.

Daga nan ne na gane ashe tura waƙa da muke yi a shagon masu caji da Xender shi ne dai abin da Turawa suke kira na ƙarƙashin ƙasa suna ta zumuɗi a kai. Mu mun daɗe a ciki, suna ne kawai ba ma ajiyewa.

Bangaren kunne kuma na ɗan samu ci gaba. Da duk jita ɗaya nake jin ta, yanzu ina rabe faz, wato wannan gurnanin kamar sifika ta yage, da eko mai maimaita sauti yana nisa, da kuma wanda ake takawa da ƙafa jita ta riƙa cewa wa wa wa, wai sunansa ma wawa, na yi dariya ranar da na ji. Inda na koyi faz da kyau a waƙoƙin Najeriya ne na shekarun 1970, ba na waje ba. Ofege yaran makarantar St Gregory's ne a Legas, suna ɗalibai suka yi faifan Try and Love a 1973, ku saurari jitar ciki da iyafis. BLO su uku ne, sunan ma harufan farko na Berkley da Laolu da Odumosu ne, biyu sun fi nauyi a kunnena wato ganga da bes, Berkley da Laolu sun yi yawo da Ginger Baker, mai gangar nan ɗan Ingila, kafin su kafa tasu. Sai ƴan gabas irin su Funkees da suka taso bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Wanda yake son ƙofar shiga ya nemi faifan Nigeria Rock Special na kamfanin Soundway na 2008, ko Wake Up You na kamfanin Now-Again na 2016 wanda Uchenna Ikonne ya yi masa rubutu mai tsawo, daga nan na kwashi sunaye da yawa na littafina.

Zambiya kuma sati uku na yi ban fito ba. Ƙungiyoyin WITCH da Amanaz da Ngozi Family. Shugaba Kaunda ne ya ce kashi 95 na waƙar rediyo ta zama ta gida, kuɗin tagulla yana nan lokacin, samari suka samu fili, daga baya farashin tagulla ya faɗi ga kuma ƙanjamau da ta kwashe mawaƙan da yawa a shekarun 1980. Faifan Africa na Amanaz na 1975 shi nake sakawa da daddare in an ɗauke wuta. Amma fa in faɗi gaskiya ba duk tsohon abu ne mai daɗi ba, akwai faifan da ake ta kururutawa don kawai yana da wuyar samu, ka saurara ka ji gangar ma ba ta tafiya daidai. Na goge kusan talatin ban ji komai ba.

Sai babban aikin watan nan, kaset. Kawuna da ya yi direban babbar mota yana zuwa Agadas da Arlit shekarun baya ya ba ni wani kwali, wa'azi ne ya fi yawa da Shata da Ɗan Maraya, amma a ƙasa akwai guda huɗu babu rubutu ko ɗaya sai wata da aka sa wa alamar jan biro. Na aro tsohuwar rediyo mai kaset, na sayi waya mai kai biyu na haɗa daga ramin iyafis zuwa laftof, na buɗe Audacity, manhajar ɗaukar sauti. Gwajin farko rediyon ta tauna zaren, na ji sautin ya yi wani luuu na yi maza na danna tsayawa, na zaro shi a hankali ya yi kamar taliya, da biro na naɗe shi ina salati. Kuskurena ban goge kan ba. Ku samu auduga da ɗan sifirit ku goge kan ƙarfen da robar nan mai juyawa, ku ga baƙin da zai fito, ku bari ya bushe kafin ku saka. Gwaji na biyu kuma wani zuuu ne a ƙasan waƙar daga farko har ƙarshe, na yi ta laluben dalili ashe cajar laftof ce, ina cire ta ya ɗauke ɗif. Sannan kar ku bari layin sauti ya taɓa ja, gara ya yi ƙasa ka ɗaga daga baya, in ya fashe ya fashe kenan. Ku ajiye na asali a WAV, wato fayil ɗin da ba a matse ba, MP3 na turawa ne kawai.

Abin da ke cikin mai jan biron jita biyu ne da tafi da muryar mata can baya, da alama a wajen biki aka ɗauka don akwai inda wani ya yi tari kusa da makirfo har da kukan akuya. Shazam mai gano sunan waƙa bai san ta ba, na gwada sau biyar. A littafi na rubuta gari Agadas da alamar tambaya, wa ya ba ni Kawu, layi biyu kenan da ƙyar. Abin ya tuna min da Mamman Sani na Yamai wanda ya ɗauki kiɗan oganinsa a 1978, mutanen Nijar suka yi shekaru suna jin sa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, sai 2013 aka sake fitar da shi duniya ta san sunansa.

Wajen rabawa ma na canja salo. Da sai in juye wa mutum waƙa hamsin lokaci guda, ba ya jin ko biyar. Yanzu uku nake turawa duk Juma'a, kowacce da layi biyu na waye da ina da yaushe, kuma in ta WhatsApp ne ku tura a matsayin dokumen don sunan fayil ɗin ya tsira, in ba haka ba can zai koma AUD da lambobi mu koma gidan jiya. Wanda mawaƙin yake raye kuma yana Bandcamp, shafin da mawaƙa suke sayar da waƙoƙinsu, linkin nake turawa ba fayil ba. Na so in sayi guda biyu da kaina katina ya ƙi wucewa, sai wani ɗan uwa da ke karatu a waje ya saya min na tura masa naira.

Kaset uku suka rage, ɗaya zarenta ya tsinke kusa da farko, an ce ana liƙawa da siririn selotef ta baya amma hannuna rawa yake, zan fara gwadawa a kan wata ta banza tukuna. Belin rediyon ma ya saki, sautin yana ɗan jan ƙafa, ranar Asabar zan kai wa mai gyara a bakin kasuwa. In akwai mai jin Buzanci a cikinku don Allah ya yi min magana in tura masa minti ɗaya na mai jan biron, ko sunan da matan suke kira a amshi ya fitar min.